Rasuwar Goggo, Mai Ƙirga Haihuwar Taurari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Mai Duka, malamar ɗakin binciken taurari na sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar tsohuwar kwamfutarta, wadda kowa ya sani da Goggo.

Marigayiya ta yi rayuwarta a ƙarƙashin tebur, tana aikin ungozoma. A ba ta hoton gungun taurari, ta auna hasken jariran cikinsa, masu zafi da shuɗi, ta faɗi nawa ake haifa a shekara. Sauri kam ba ta gada ba. Ɗalibi kan ba ta aiki, ya je ya ci abinci, ya dawo ya tarar tana ta "gurrr" kamar mai minshari. Amma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

Farfesa, malamin Malama, Allah Ya jiƙansa, shi ya tsara wa Goggo lissafin da kansa, kuma a cikinta kaɗai yake, tare da aikin shekaru da Malama ke shirin fitarwa da sunansa. Kwafewa sai an tsayar da Goggo, tsayarwa kuwa za ta katse aikin gungun da ake aunawa. Kullum Malama takan ce a bari wannan ya kammala tukuna. Yana kammalawa sai ta ɗora wani, tunda taurari ba sa ƙarewa.

Ciwon ajali ya fara da ɗan tari, "ƙas, ƙas", aka ɗauka tsufa ne. Ranar Talata da hantsi, tana tsakiyar aiki, ta yi "ƙit", sai tsit. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da murfin a hankali.

Ta bar madannai waɗanda yatsun Farfesa suka goge haruffansu, da ƙaramar fankar da ke yi mata fifita, da ɗalibai da suka zama marayu, da Malama, wadda ke ji kamar yau aka binne malaminta.

Za a yi mata sutura da kwalinta na asali, a kai ta ɗakin ajiya na ƙarshen baranda gobe bayan la'asar. Zaman makoki a ofis ne. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don girman Allah, kada wanda ya tambaya ko an kwafe aikin. Ba a kwafe ba.