Sallau da Ɗakin Sanyin Kifi

Wani mutum ne a Kano ana ce masa Sallau, ɗan kasuwa mai zuwa Turkiyya saro dogayen riguna. Zuwan nan nasa ya hana kowa sakat. In ya zauna a majalisa, sai ka rantse shi ya koya wa Turawa jure sanyi.

"Ni fa a can da ƙanƙara nake alwala," in ji shi. "Sanyi ya san ni, na san shi!"

Ana haka sai ƙanin matarsa Nafi'u, ɗalibi a can Turkiyya, ya zo hutu. Wata rana a majalisa ya ce in ya koma, da rani shi da abokansa za su goya jakunkuna su yi doguwar tafiyar ƙafa, su ƙetare duwatsu. Sallau ya yi tsalle ya dire.

"Da ni za a je! Ni zan shige gaba!"

Nafi'u ya zazzage masa kayan shiri: ƙatuwar rigar sanyi, safar hannu, baƙin tabarau, takalmi mai haƙoran ƙarfe, da ɗan gatarin sarar ƙanƙara.

Sallau ya tuntsire da dariya. "Gatari? Itace za mu yo? Da rani fa ka ce!"

"Yaya, a saman dutse ko da rani ƙanƙara ba ta narkewa. In ka zame, da gatarin nan za ka tsira."

"Kai yaro ne! Singileti da kilishi sun ishe ni."

Alhaji Mamuda mai kifin ƙanƙara yana gefe yana saurare. Ya ce, "To Sallau, ga ɗakin sanyina can bayan kasuwa. Shiga ka ɗan zauna mu gani. In ka jure, ka tafi da singiletinka."

Majalisa ta ɗunguma. Sallau ya tuɓe riga, ya daki ƙirji, ya ce kada wanda ya buɗe masa sai ya gama barci. Ya shige, aka turo ƙofa, garam!

Da farko har kirari yake yi wa kansa. Can sai kunnuwa suka fara zugi. Hanci ya ɓalle da yoyo. Haƙora suka kama kaf-kaf-kaf kamar keken ɗinki. Ya yi tsalle-tsalle, a banza. Ya yage kwalin kifi ya naɗe ƙirji, ya kifa wani a ka, ya zura ƙafafu cikin buhu. Ya tuna ai ko wasiyya bai bari ba.

Dam! Dam! Dam!

"Ku buɗe! Jama'a, ku buɗe, ina da iyali!"

Aka buɗe. Sai ga Sallau cikin kwalaye kamar dodon gona, yana ƙarnin kifi, leɓe na rawa. Dariya ta kashe mutane, wani har da faɗuwa ƙasa. Ya fizge rigar sanyin da Nafi'u ya riƙo ya zurma, ya nuna Mamuda da yatsa.

"Mu-mu-mugunta ce! Ƙure injin ka yi don ka kashe ni! Wannan sanyin ko a can babu irinsa!"

Alhaji Mamuda ya share hawayen dariya da bakin hularsa.

"Wane inji, Sallau? Ai tun jiya ya lalace, mai gyara nake jira. Kifayen da ka tarar a ciki ma gumi suke yi!"