Ranar da Na Kai Gwaggo Roƙo a Rayfield

Har gobe ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki Gwaggo Asabe muka tafi unguwar Rayfield roƙo ba. In abin ya faɗo mini ina wanke-wanke, sai in ji kamar in shige cikin bahon.

Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma na rubuta littafi guda a waya, da yatsa ɗaya, ɗayan hannun yana jijjiga 'yata Ummi. Ba abin da nake so kamar in ga sunana a bangon littafi, in shafa shi, in shinshina takardar.

Akwai wata mata a Rayfield mai kai wa kamfanonin buga littattafai aikin marubuta. In ta karɓe ka, ka shiga. Na tura mata nawa, amsa ta zo a gajarce: bai yi mata ba.

To mu a unguwarmu ta Gangare, in an ƙi ka, babba ake turawa. (Na sani, don Allah kada ku fara.) Gwaggo yayar babana ce, auren da ta sasanta ba ya ƙirguwa, sai na ga wannan ai ƙaramin aiki ne a wurinta.

Muka shiga ofis, ga wasu marubuta zaune da jakunkunan kwamfuta. Gwaggo ta tuɓe takalmi, ta zube a kan kafet, ta janyo ni na durƙusa da goyo a baya.

"Hajiya, ki dubi girman Allah ki karɓi takardar yarinyar nan. Mai ladabi ce, ba ta yawo. In laifi ta yi miki, ni na yi."

Matar (ashe Madam ake ce mata, Bayarabiya ce) ta miƙe a ruɗe. "Mama, tashi mana! Kin karanta labarin ne?"

"Ni? Ina na ga lokaci? Na dai ce mata ta rage ƙarya a ciki."

Wani a bayana ya ƙware da dariya. Madam ta juyo gare ni a hankali. "Ba fushi na yi ba, ƙanwata. Tsakiyar labarin ce ta kwanta. Matar da ke ciki kuka kawai take, ba a san me take nema ba."

Gwaggo ta harare ni. "Au, ashe ke ce ba ki iya ba? Shi ne kika sa na bar jiƙon wakena?"

A Keke Napep, fuskata na cikin mayafi har muka iso gida.

Har yanzu ina kan gyaran tsakiyar nan, kuma har yanzu in na wuce shagon littattafai sai na rage sauri. Amma na gane cewa littafi ba shi da gwaggo. In ƙin sa aka yi, shi zai koma ya roƙa da bakinsa.