Ranar da Na Kai Zabi Kantin Zamani

Ko da zan manta da duk shirmen samartakata, ba zan taɓa mantawa da ranar da kishi ya ɗauke ni daga Gumel ya dire ni a Kano da kwali a hannu ba.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gumel, ina kuma neman auren Rukayya, 'yar Ɗanzomo. Magana ta yi nisa a tsakaninmu, sai dai manya ba su shiga ba tukuna. Da ƙarshen kaka, an gama yankan gero ana kakkaɓe riɗi, sanyin safe ya fara shigowa, sai ta tafi hutu Kano gidan gwaggonta. Daga nan barcina ya ƙaura.

Gwaggon tana da ɗa, Nura. Dogo ne, fari, ga mota, ga saje kamar an zana da biro (ni kuwa gemuna har yau bai yanke shawarar fitowa ba). Kullum na buɗe waya sai na ga sabon sitatus. Yau sun hau Dala, gobe suna gidan zu suna kallon jimina, jibi suna Kasuwar Kurmi ya saya mata awarwaro. A ƙarƙashin kowane hoto ta rubuta, "Ni da Yaya Nura." Ni da na tashi a garin da rabin aurarrakinsa na zumunci ne, na san inda irin wannan Yaya yake ƙarewa. Wallahi kishi na ji, mai zafi, har nakan ƙara girman hoton in auna tazarar da ke tsakanin kafaɗunsu.

Rannan a waya na kasa daurewa, na ce, "Wai duk Kano ba wanda ya san hanya sai Nura?"

Ta ce, "To Malam, kai ka san Kanon ne?"

Na ce, "Ni? Kamar tafin hannuna." (Iyakar sanina da Kano shi ne tashar 'Yankaba da wani asibitin ido da na taɓa raka kawuna.)

Ranar Asabar na ɗau wanka, na sa farar shaddata ta Sallah. Da Inna ta ji inda za ni, ta ce ba a zuwa gidan surukai da kaka hannu rabbana. Ta kama zabi biyu cikin nata, ta ɗaure musu ƙafa da tsumma, ta sa a kwali ta huda masa ƙofofin iska. Ta ce, "Ka miƙa wa gwaggon yarinyar da hannunka. In kun yi nisa ka sassauta musu ɗaurin, kada ƙafar ta kumbura." Ni kuma ɗan biyayya, muna wuce Gagarawa na sassauta, har na fi yadda aka ce.

Niyyata in fara sauka a gidan Gwaggo. Amma ina fitowa daga mota na duba waya, sai ga sabon hoto: Rukayya da Nura a wani katafaren kantin zamani, kofin ayis kirim ɗaya, cokali biyu. Kofi ɗaya fa. Ban san lokacin da na tare adaidaita na faɗa masa sunan kantin ba.

A bakin ƙofa mai gadi ya tare ni, ya nuna kwalin. "Alhaji, mene ne a ciki?"

Na dubi mutanen da ke shiga, kowa sai ƙamshi yake, na ji ba zan iya furta kalmar zabi a wurin nan ba. Na ce, "Takalma ne."

Ban rufe baki ba takalman suka fara kuka. Duk wanda ya san zabuwa ya san ba ta iya kuka a hankali ba. Mai gadi ya dube ni, ya dubi kwali, ya sa hannu ya ɗaga marfin.

Ta farkon ta yi sama ta kife masa hula. Ta biyun ta bi ta tsakanin ƙafafun wata Hajiya ta shige ciki. Ni kuma, maimakon in juya in kama hanyar Gumel kamar mai hankali, sai na tuna zabin Inna ne, na tattare shadda na bi su. Tayil ɗin wurin santsi ne da shi kamar an shafa mai. Na bi ɗaya ta gaban masu sayar da turare, ta haye matakalar nan mai tafiya da kanta, ni ma na haye, ashe mai saukowa ce. Ina ta gudu ina nan inda nake, yara suna tafi, manya sun ɗaga wayoyi. Daga ƙarshe matakalar ta gaji da ni ta zubar da ni a ƙasa, rigingine, takalmi ɗaya a ƙafa.

Da na buɗe ido, fuskar Rukayya na gani a kaina, cokali a hannunta.

"Malam? Me kake yi a nan?"

Kafin in haɗa ƙarya, sai ga Nura ya taho, zabuwa ɗaya a kowace hammata, ko hularsa ba ta karkace ba. Ashe jallabiyar wani ya ara ya lulluɓe su a lungu. Mutane suka yi masa tafi. Ina kwance a ƙasa, gwiwa na zugi, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne tafin nan.

Ya miƙo mini hannu yana murmushi. "Kai ne Malam ɗin? Ai kullum zancenka take, har kunnena ya gaji. Tashi, surukina."

Na ce, "Suruki kamar yaya?"

Rukayya ta gane komai a take. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Malam, nono ɗaya muka sha da Yaya Nura. Ina jaririya Umma ta kwanta ciwo, Gwaggo ce ta shayar da ni. Duk Ɗanzomo an sani." Sai dariyar ta ɗauke. "Da ka tambaye ni, ai da na faɗa maka. Amma ka zaɓi ka biyo ni."

Wannan maganar ta fi faɗuwar ciwo. A bayan motar Nura na zauna har gida, kwali a cinya. Na durƙusa na gaida Gwaggo, na miƙa mata saƙon Inna da hannuna kamar yadda aka umarce ni. Ta leƙa kwalin ta ce, "Ikon Allah, waɗannan zabi sun sha hanya, dubi yadda suke haki." Nura ya tashi ya fita waje, ina jiyo shi yana tari.

Sai da na yi wata guda ina ban haƙuri kafin Rukayya ta koma ɗaukar wayata da sallama mai daɗi. Da aka zo ɗaurin aure, Nura ne ya tsaya a kan komai, shi ya yi ta jigilar mutanena a motarsa. Har gobe in ya kira ta suna hira tana ƙyalƙyala dariya, sai in ji tsohon kishin nan ya motsa, don ni ban taɓa ba ta dariya haka ba sai ranar da na faɗi.

Abin da na koya dai shi ne, in kishi ya taso maka, ka buɗe baki ka yi tambaya tun kana gida. In kuma ka san ba za ka iya ba, to don Allah ka fara kai saƙon mahaifiyarka inda ta aike ka.