Alhaji Ilu Ya Je Sayen Bindigar Ɓauna

Tunda kun matsa sai kun ji yadda muka ƙare ranar da na raka Alhaji Ilu sayen bindiga, to ku gyara zama, amma kada wanda ya ce masa daga bakina ya ji.

Ga wanda bai san shi ba, Alhaji Ilu dillalin takin zamani ne a garinmu, mutum mai jiki, mai murya, wanda ko kaza za a yanka a gidansa sai an kira maƙwabci. To bara, shinkafa ta fara fitar da kai ke nan, sai wata tsohuwar ɓauna da garke ya kora ta sauka a fadamarmu. Ta tattake gonaki, ta kashe san noma guda, ta karya wa wani manomi ƙafa. Kowa ya daina zuwa gona, kuma babu wanda ya kai Alhaji Ilu yawan shinkafa a fadamar. Ranar wani suna a gidan Dagaci, an ci an ƙoshi, ana ta jajen abin, sai Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Wai dabba ɗaya ce ta zaunar da maza a gida? Ku ba ni mako biyu. In ban ajiye kanta a ƙofar gidan nan ba, ku canza mini suna."

Shi dai ya faɗa ne don a ji daɗin hira. Dagaci kuwa ya ɗauka da gaske. Kwana huɗu sai ga takardar izini daga wajen ma'aikatan gandun daji, da sunan Alhaji raɗau a jiki. Kafin ranar kasuwa maroƙa sun sa masa Ilu Maganin Ɓauna. Ja da baya ya gagara.

Shi ne ya same ni a shago ya ce in raka shi wani ƙauye, wajen wani tsohon maharbi da ake kira Baba Dankane. An ce masa tsohon yana da bindigar manyan namun daji, mai baki biyu, kuma yana son sayarwa tunda gwiwoyinsa sun hana shi shiga daji.

Da hantsi muka isa. Muka tarar da shi a zaure, ɗan siriri, ya miƙe ƙafafu a kan buzu yana shafa musu man zafi. Aka gaisa, aka sha ruwa, Alhaji ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ja jiki ya shiga ciki. Can sai ga shi da wani abu naɗe a tsohon bargo.

Gaskiya bindiga ce. Baki biyu a jere, ƙarfen ya sha mai yana ɗaukar ido, ƙotar ta yi santsi saboda shekarun da ta yi a hannu. Harsashinta ɗaya ya fi babban yatsana kauri. Ya ce wani Bature mai aikin daji ne ya bar masa ita tun yana saurayi, kuma takardunta suna nan lafiya. Alhaji ya karɓa da hannu ɗaya, nauyi ya ja shi, ya yi maza ya tallafa da ɗayan.

Kun san halin mutumin in zai sayi abu, sai ya kushe shi tukuna. Ya juya ta, ya leƙa, ya taɓe baki.

"Baba, wannan ai ta girme ni."

"Ta girme ka, Alhaji," in ji tsohon. "Kuma ba ta taɓa kwanciya a asibiti ba."

Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Ya ƙwanƙwasa ƙotar da farce. "Ga tsaga a nan. Ga nauyi kamar turmi. Kuma ni ban ga amfanin baki biyu ba. Yanzu ana yin masu cin harsashi goma, ka yi ta ɓari har dabba ta faɗi."

"Ana yi," in ji Baba Dankane. "Sai dai ɓauna ba ta tsayawa a ƙirga mata goma. Bakin farko kai ne za ka zaɓi lokacinsa. Na biyun ita take zaɓa."

Amma Alhaji ya dake. Ya ce shi ba ya sayen abu sai ya gwada. Tsohon ya ce hakan ya yi, ya ɗauki sandarsa da 'yar kujera, muka zaga bayan gari inda wata kuka take. Kukar nan, ko mu shida muka kama hannu ba za mu zagaye ta ba. Ya auna taku talatin, ya zuba harsashi biyu, ya miƙa wa Alhaji, shi kuma ya zauna.

"Ka manna ta a kafaɗa sosai. Ka ɗan sunkuyo gaba. Kunama biyu ce, ta gaban kaɗai za ka ja."

"Baba, ai na sani. Ba yau na fara ganin bindiga ba."

Gani kam ya sha gani. Ya naɗe hannun riga, ya buɗe ƙafafu, ya riƙe ta nesa da jiki kamar mai tsoron kada ta ɓata masa shadda. Ina kallo ya zura yatsu biyu, ɗaya a kowace kunama. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ya rufe idanu duka biyun.

Ƙarar da ta tashi, har yau in an buga ƙofa da ƙarfi sai na zabura. Tsuntsaye suka watse, awakin gari suka yi daji. Da na dawo hayyacina sai na ga Alhaji zaune daɓas a ƙasa, ƙafafu a sama, hula can gefe, takalmi ɗaya ya fita. Bindigar tana kwance a kan cikinsa. Na kama shi ya tashi yana dafe da kafaɗa, ya ce mu je mu ga inda ya samu.

Muka zagaya kukar sau biyu. Ko ƙwarzane babu.

Ya tsaya yana haki, ya kakkaɓe riga, sannan ya juyo. "Baba, ka ji tsoron Allah. Bindigar nan ba ta da saiti. Bakinta a karkace yake. Da ban gwada ba da ka cuce ni."

Tsohon bai tashi daga kujerar ba. Ya miƙo hannu na ba shi bindigar, ya buɗe ta, ya hure, ya sa harsashi ɗaya. Ya ɗaga kai ya nuna mini wani ɗan kuka da ke reto a reshen can ƙololuwa, wanda ni sai da na kare ido da hannu na gan shi. Ya ɗaga, ya harba. Ɗan kukar ya tarwatse, farin garinsa ya yi ta saukowa a hankali.

"Ta miƙe yanzu," in ji shi.

Na ja Alhaji gefe na ce masa, "Don Allah ka haƙura. Ka roƙi Baba ya haɗa ka da maharban da ya sani, su yi aikin, kai ka ciyar da su. Ba wanda zai zage ka."

Ya ce, "Kai ba ka san maroƙan garinmu ba? Sunan da suka sa mini, in na fasa, wanda za su musanya shi da shi har jikokina sai sun amsa."

Haka muka koma zaure. Aka yi ta ja, Alhaji yana ragi yana matsa kafaɗa, tsohon yana girgiza kai, har dai aka daidaita. Baba Dankane ya fara naɗe ta a bargon. A nan ne Alhaji ya ga ya kamata ya fita da ɗan mutunci, sai ya ɗaga yatsa ya yi gyaran murya irin ta manyan 'yan kasuwa.

"Amma da sharaɗi, Baba, ga shaida nan a zaune. In na je na tsaya gaban ɓaunar nan, na sakar mata baki biyun nan duka ba ta faɗi ba, to ciniki ya warware. Zan dawo maka da kayanka har zauren nan, kuma sai ka ji abin da zan gaya maka."

Tsohon ya ƙarasa ɗaure bargon, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Na yarda, Alhaji. Sai dai ka kwatanta wa magadanka gidana tun yau, don shekarata hamsin a daji, ban taɓa ganin wanda ya kuskure ɓauna sau biyu ya kawo ƙorafi da ƙafarsa ba."