Rasuwar 'Yar Gwangwani, Mai Gaishe Ni da Safe

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ni na jawo wa kaina, ni Tobiya, mai shagon buga takardu na Albarka da ke Yelwa a nan Jalingo, nake sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar 'Yar Gwangwani. Ta rasu ranar Talata da la'asar, cikin watan Yunin 1999, tana da wata goma sha huɗu a duniya.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ɗan ƙaramin allon cikin kwamfuta ce, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Aikinta raba layin waya ɗaya ga kwamfutocinmu uku, abin da masu sana'ar ke kira rauta. Aminina Yuguda ne ya taho da ita daga Jos. Da muka rasa akwatin da za ta zauna, sai ya huda gwangwanin biskit ya ɗaure ta a ciki, nan ta samo sunanta.

Kwana uku Yuguda ya yi yana ɗora mata manhaja daga disket, ɗan faifan ajiya, guda ɗaya, yana shan shayi yana zaginta da Fillanci. Ran na uku ta yi "ƙit" sau biyu, modem, na'urar da ke haɗa ta da layin waya, ya ɗauki kukansa, "kiii, shhh, kirrr", wasiƙar imel ta farko ta shigo. Victoria mai buga mana takardu har guɗa ta yi.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa fifita wasiƙar fasto a kan ta ɗan kasuwa ba, ba ta kuma taɓa kai gulmar abin da ta ɗauko ba. Amma halinta da na fi so shi ne ladabi. Yuguda ya ce ba zai yiwu na'ura ta tare babban mutum da Turanci ba gaisuwa. Sai ya goge kalmar shiga, ya rubuta mata "A waali jam?", wato ka kwana lafiya. Kalmar sirrin kuwa ita ce amsar: jam, lafiya. Duk safiya ta tambaye ni, in amsa, sannan mu fara aiki.

Abu ɗaya ya rage. Irin wannan manhaja a ƙwaƙwalwar allon take zama muddin akwai wuta, duk gyaran da ba a mayar cikin disket ba yana tafiya idan aka kashe. Yuguda ya ce zai mayar idan ya dawo daga Lau. Kwale-kwalensu ya kife a Binuwai. An yi kwana biyar ana nema, ba a same shi ba, ba a kuma yi masa jana'iza ba.

Tun daga ranar ban bar ta ta ɗanɗani duhu ba. Na haɗa mata batiran babbar mota guda biyu, na hana kowa share bayan teburin da take kai. Sau da yawa na ɗauko disket ɗin in adana gyaran, sai tsoro ya kama ni kada in danna abin da ba shi ba. Ina faɗa ba kunya, duk sa'ad da tambayar nan ta fito, muryarsa nake ji, har da yadda yake jan ƙarshenta.

Ajalinta ya zo da hadarin da ya taso daga wajen Kona. Kowa ya san abin da muke yi a garin nan idan aka fara tsawa, bin soket ake yi ana zarewa. Tun ina yaro hannuna ya saba. Na zare na talabijin, na zare na firinta, na zare nata daga jikin batiran. Sai da fankarta ta yi shiru na ga abin da ke hannuna. Ba tsawa ba ce, ba masu wuta ba ne, ni ne.

Na mayar da ita, ta tashi daga disket, ta yi "ƙit" sau biyu kamar kullum. Amma da Turanci ta tare ni, ba gaisuwa. Na rubuta jam, ta ce ba daidai ba ne. Na sake, ta sake. Gaskiyarta kuwa. Victoria ta ce ai tana aiki, a kira wani daga Yola ya daidaita ta. Na ce wannan da ke cikin gwangwanin ban san ta ba, ita ma ba ta san ni ba.

Ta rasu ta bar kwamfutoci uku, da modem da ya daina kuka, da batira biyu marasa aikin yi, da ni. Har yau, duk la'asar ina jin "kiii, shhh" daga bayan teburin, alhali wayar modem ɗin tana naɗe a aljihuna.

Za a rufe gwangwanin ranar Asabar da hantsi, mu kai ta Lau, bakin ruwa, inda za a haƙa mata ɗan rami a kan tudu. Mahaifiyar Yuguda ta ce za ta zo, ta ce ko ba komai za ta samu wurin tsayawa, tunda ɗanta ba shi da kabari. Za a karɓi ta'aziyya a shago har kwana uku. Ina roƙon duk wanda zai zo da safe, don Allah ya zauna kawai, kada ya tambaye ni yadda na kwana.