Na-Sani da Alkamar Farfesa

"Ni da kuke gani, ƙasa jin maganata take yi. In na tsaya a kan fako na yi gyaran murya, kafin in juya ya tsiro. Mutanen nan littafi kawai suka iya. Noma kuwa, sai dai su ɗauko kujeru su zauna in koya musu!"

Wannan jawabin abokin ɗakina ne, a kicin ɗin ɗalibai, makonsa na farko a ƙasar wajen da muka je karatu, yana riƙe da cokali kamar mai riƙe da lasifika. Aboki, kar ka wahalar da ni da tambayar sunansa na yanka, mu dai Na-Sani muke ce masa. Ka ce masa ana ruwa a waje, ya ce, "Na sani." Ka ce masa ya sa riga a bai-bai, ya ce, "Na sani." Ka buɗe baki za ka yi hamma ma, kafin ka rufe ya riga ya sani. Shi karatun noma ya kawo shi, ni kuma lantarki, shi ya sa yake kira na Ɗan Waya. Duk noman da na taɓa gani ya yi a duniya, wata albasa ce da ya manta a ƙarƙashin gado ta tsiro don kanta, ya ɗauke ta hoto ya tura gida.

To, a sashensu akwai wata Farfesa, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai tabarau da igiya, ba ta da hayaniya. Rannan ta sanar a aji cewa in dogon hutu ya zo za ta ɗauki ɗalibi ɗaya ya zama mataimakinta a ɗakin gilashin da ake rainon shuke-shuke. Za ta ɗauka fa ta ce, ba ta ɗauka ba. Amma kafin ta gama tattara takardunta, gogan naka ya fita baranda ya kira gida.

"Umma, a yi mini barka. An naɗa ni mataimakin Farfesa."

Shi ke nan, magana ta fita. Umma ta gaya wa Kawu, Kawu kuwa in ya ji labari ko rediyo sai ta sara masa. Kafin la'asar maƙwabta sun fara shigowa barka, ƙannensa sun koma kiransa Yaya Mataimaki.

Na ce, "Kai Na-Sani, ka ji tsoron Allah. In ta ɗauki wani fa?"

"Wa za ta ɗauka? Waɗancan masu hannu kamar auduga? Kwantar da hankalinka, Ɗan Waya. Abin da ya rage kawai in nuna mata aiki."

Ana nan sai aka ba da ɗan gajeren hutun tsakiyar zango, makaranta ta yi tsit, Farfesa ta yi tafiya taro. Da hantsi ina zaune ina fama da lissafi, sai ga Na-Sani ya faɗo ɗaki yana haki.

"Tashi! Tashi ka ga abin kunya!"

Ya ja ni har ɗakin gilashin, ya buɗe da katinsa na ɗalibi. Can ƙurya akwai wata ƙofa da aka gitta wa jar igiya. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake abinsa.

Na ce, "Wannan igiyar fa?"

"Ado ce. Shigo."

Muna shiga zafi ya mare ni. Tukwanen shuka ne jere a kan tebura, layi-layi, kowace da alkama a ciki. Amma wace irin alkama! Ganye ya yi yaushi ya nannaɗe, wasu sun yi rawaya, ƙasar tukwanen ta tsattsage. Manyan fitilu a sama suna ta zuba musu wuta, kowace tukunya kuma an soka mata wani ɗan ƙarfe mai siririyar waya.

Na-Sani ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Ka ga Farfesa guda, da furfurarta, ta tafi yawon taro ta bar bayin Allah da ƙishirwa. Wallahi a gida ko yaro ya yi wannan sai ya sha bulala."

"Anya ba da gangan ba ne? Ka bari ta dawo ka tambaya mana."

"Da gangan? Wane mahaukaci ne zai shuka abu don ya kashe shi? Kai dai tsaya a wayarka."

Ni ban san komai a noma ba, na ƙyale shi. Shi kuwa da ya kamata ya sani, a aji can baya yake zama yana tura saƙon murya gida, in Farfesa ta ɗago kai ya gyaɗa nasa.

Ya jawo tiyo daga waje ya buɗe famfo har ƙarshe. Aboki, ban ruwa na gani ko wankan gawa? Tukunya ta cika ta tumbatsa, ya ce, "Sha, 'yar uwa, sha, mai ceto ya zo." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu sannu. Da ya gama ya kashe fitilun, ya bubbuɗe tagogi. Sai ya juyo kan 'yan ƙarafan nan ya fara fizge su.

Nan kam fagena ne, na yi tsalle. "Kai! Bar su! Waɗannan na'urorin awo ne, da kwamfuta suke haɗe!"

"Na sani. To kai a soka maka ƙarfe a ciki ka ga in za ka yi ƙiba."

Ya tattara su ya ɗaure da kyauro, ya ajiye a kan taga tsaf, wai kar a ce ba shi da tsari.

Kashegari ya ce ruwa kaɗai ba ya raya shuka, sai da taki. A bayan gari akwai wani wurin da ake koyon hawan doki, can ya nufa. Ni ina ɗakin karatu ya kira ni, wai in zo tashar bas in taya shi da kaya. Na je. Bas ta tsaya, ƙofa ta buɗe, mutane suka yi ta dirowa kamar an ce akwai maciji a ciki, kowa da hannu a hanci. Wata mata ta fito da ɗan karenta a hammata, karen ma atishawa yake. Direba ya leƙo ta taga yana shaƙar iska, idanunsa sun yi ja. Daga ƙarshe sai ga mutumin naka, shi kaɗai, fes, yana jan akwati mai taya shaƙe da kashin doki.

Na dubi akwatin. Na sake duba.

"Na-Sani, wannan ba akwatina ba ne?"

"Na sani. Nawa zif ɗinsa ba ƙarfi."

Akwatina! Sabo dal, wanda Yayata ta saya mini da zan taho, ko ledar hannunsa ban cire ba. Wallahi raina ya ɓaci, na kira shi duk sunan da ya zo bakina: buhun iska, gangar biki, tulun surutu, shugaban marasa kunya na duniya. Ko gezau. Cewa ya yi in ya zama mataimaki zai sa sunana a cikin waɗanda suka ba da gudummawa.

Ya dambara wa kowace tukunya taki har wuya. Bai tsaya nan ba. Ya ja da baya ya ƙare wa layukan kallo, ya ce jerin bai yi masa ba, dogo kusa da gajere kamar taron 'yan gudun hijira. Ya kwashe tukwanen kaf ya sake jera su, dogaye a baya, gajeru a gaba, irin yadda ake tsayar da yara hoton makaranta.

Abin haushin, aboki, shi ne abin ya yi kyau. Kafin hutu ya ƙare alkama ta miƙe ta yi kore shar. Wari kuwa ko daga filin ƙwallo kana jin sa, ƙudaje sun buɗe sabuwar unguwa. Na-Sani ya daina tafiya irin ta mutane, ya koma taku ɗai-ɗai, hannu a baya. Har ni na fara cewa a raina, kai, ko dai shegen ya iya ne?

Ranar da Farfesa za ta dawo ya sha kwat da lakataye, ya fesa turarena, ya miƙo mini wayarsa.

"Riƙe. Kiran bidiyo ne. Umma na son ta ga naɗin da idonta."

Na duba waya. Ba Umma kaɗai ba ce. Falo ya cika maƙil: Kawu a gaba da sabuwar hula, gwaggwanni, ƙanne, har da maƙwabciyar da ba ta jin magana sosai an ba ta kujera kusa.

Sai ga Farfesa ta taho da 'yar jakarta. Tun daga nesa ta rage tafiya tana shinshina iska. Na-Sani ya tare ta, baki har kunne, ya kwance jar igiyar da kansa, ya wangale ƙofa.

"Farfesa, barka da dawowa. Shigo ki ga aikin gwani!"

Ta shiga. Ta tsaya. Jakar ta zame daga hannunta ta faɗi tim. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta dubi tukwane, ta dubi fitilu, ta dubi damin ƙarafa a kan taga, sai ta nemi wani bokiti da ke kife ta zauna a kai.

Daga waya Kawu ya ce, "Allahu Akbar! Daɗi ya hana ta tsayuwa!" Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa.

Farfesa ta ce a hankali, da yarensu, "Wa ya yi wannan?"

Na-Sani ya bugi ƙirji. "Ni kaɗai. Shi dogon nan, akwati kawai ya bayar."

Na ce, "Ban bayar ba, ɗauka aka yi!"

Ta ce, "Ka ba su ruwa."

"Har sai da suka ce ya isa."

"Yaro, bincike nake a kan irin alkamar da ke jure fari. Da gangan na hana su ruwa, don in ga wace za ta rayu. Shekara da shekaru nake tace irin nan. Wannan makon ne za a ga sakamako."

Aboki, tun da na san Na-Sani, ranar ce kaɗai aka gaya masa magana bai ce ya sani ba.

Ta miƙe tana bin layi. "Ba komai, ko iri na tsira da shi. Kowane iri da layinsa, na farko daga..." Sai ta waiga hagu da dama. "Ina layukana?"

Ya ce da 'yar murya, "Na jera su ne... bisa tsawo."

Ta koma kan bokitinta.

Umma ta ce, "Ɗan Waya, me take cewa ne? Fassara mana." Ka ji, har ita ta ɗauki sunan. Na ce, "Umma, tana dai bayani ne a kan ruwa." Amma autarsu da ke jami'a tana jin yaren kaɗan-kaɗan, na ga ta sunkuya tana raɗa wa Umma a kunne. Guɗa ta tsaya cak. Kawu ya cire sabuwar hular ya ɗora a gwiwa.

Wani mai hankali da nan zai ba da haƙuri ya sulale. Ba Na-Sani ba. Zufa na ɗiga daga haɓarsa ya ce, "Farfesa, an yi kuskure, na yarda. Amma kar ki yanke hukunci sai kin ga hannuna a kan shukar da ba ta bincike ba."

Ya ruga baranda, ya dawo rungume da wata ƙatuwar tukunya daga bakin ofishin sakatariya. Wata shuka ce mai faffaɗan ganye, kore shar, tana sheƙi.

"Wannan tun farkon hutu nake kula da ita, safe da yamma. Dubi ganye! Ko ɗaya bai faɗi ba. Kuma wallahi ta ƙara tsawo, da taƙina na auna!" Ya juyo ta wajen waya. "Umma, ku gani da kyau!"

Farfesa ta taso. Ta sa yatsu biyu ta kama shukar ta ɗaga, sai ga ta ta fito sulluɓ. Ba saiwa, ba komai, sai wani ƙarfe a ƙasa mai tsatsa. Ta lanƙwasa ganye ɗaya ta saki, ya koma yadda yake, ɓas. Ta leƙa tukunyar, ta ga takin da ya yi ta cusawa a gindi har ya tura abar sama.

Ta miƙa masa a hannu. "Roba ce."

Can daga falo sai maƙwabciyar nan mai nauyin kunne ta ɗaga murya: "Me aka ce? An naɗa shi?"

Umma ta matso da fuskarta har ta cika wayar. Ta daɗe tana kallon ɗanta, da kwat, da lakataye, da shukar roba a hannu kamar amarya da fure.

Ta ce, "Ɗan Waya."

"Na'am, Umma."

"Don Allah ka roƙar mini baiwar Allahn nan ta bar masa wannan ɗin. Ita kaɗai ce ya yi wa hidima ba ta lalace ba."