Gawar Da Ta Gaida Kawunta

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Argungu ba za su bar ni ba, da ranar da aka ɗauki gawata aka nufi maƙabarta da ita ina jin komai.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ba a kai ga ba mu Kebbi ba. Ina ɗalibi a wata kwaleji a Birnin Kebbi, kuma ina cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo (ba don na iya ba, sai don ana ba da shayi ranar gwaji). Shugabanmu, Garba, ya kalli wani kaset na ban tsoro a gidan wani malami, ya dawo ya ce mu ma sai mun yi namu, ɗan gajere, mu nuna a makon ɗalibai. Labarin ba shi da wuya. Ana ɗauke da mamaci za a kai shi, sai ya tashi zaune a kan makara, masu ɗauka su watse. Fim ɗin ke nan gaba ɗayansa. Da aka zo rabon aiki ni na roƙa a ba ni gawa, saboda ita kaɗai ce ba ta da haddar magana. A rubutun Garba ko suna ba ta da shi, "Gawa" kawai aka sa mata.

Mai na'urar bidiyon da muka samu ɗan Argungu ne, bukukuwa yake ɗauka, kuma ya rantse na'urarsa ba ta barin gari. Don haka mu muka je wurinsa. Garba ya zaɓi wata hanya da ta ratsa fadama ta bi gefen maƙabarta, ya tambaye ni ko akwai wanda ya san ni a wajen. Na ce babu. Wannan ita ce ƙaryata ta farko. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da gonar shinkafa a fadamar nan. Tun rasuwar mahaifina shi ke riƙe da al'amarina, kuma ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba sai "wanga sakarai". Na dai ƙiyasta a raina cewa gonarsa tana can wani ɓangare.

Muka haɗa makara da gwangwala, ta yi kyau fiye da fim ɗin. Aka shafe mini fuska da alli. Aka cusa mini auduga a hanci (wannan shawarata ce, ba zan ɗora wa kowa ba). Saboda zafi na tuɓe rigata da wandona, Garba ya sa su a jakarsa, na rage daga ni sai gajeren wando. Sannan aka naɗe ni da farin zanen gado na ɗakin kwanan ɗalibai, aka ɗaure kai da tsakiya da ƙafa.

Garba ya sunkuyo ya ce, "Kaset ɗaya gare mu, rabinsa ma bikin wasu ne. Ko sama da ƙasa za su haɗe kada ka motsa sai ka ji usur ɗina."

Shi da mai bidiyo suka haye wani tudu can nesa. Abokaina huɗu suka saɓa ni a kafaɗa, muka kama hanya da hantsi.

Abin da muka manta, mu duka, 'ya'yan Musulmi da aka haifa a ƙasar nan, shi ne ba a wucewa da gawa mutum ya ci gaba da aikinsa. Ga shi lokacin yankan shinkafa ne, fadama cike take da mutane. Ni ba na ganin komai, amma na ji ana ajiye lauje, na ji salati daga dama, na ji daga hagu, na ji takun ƙafafu masu taɓo suna ƙaruwa a bayanmu. Can sai wata murya ta ce, "Kawo, ɗan samari, mu ma mu samu lada."

Nan take na ji kafaɗun da ke ƙarƙashina sun canja. Na abokaina masu rawa ne, suna tangaɗi da ni. Waɗannan kuwa kafaɗun masu ɗaukar buhu ne, ko girgiza babu, ga sauri. Gaskiya tunda nake ba a taɓa ɗaukata da mutunci irin na ranar ba.

Na kasa kunne ina jiran usur. Shiru. (Daga baya na ji cewa Garba da ya ga taron murna ya yi, wai Allah ya kawo masa 'yan wasa kyauta.)

Wani dattijo ya tambayi Sani, wanda ya fi kowa tsoro a cikinmu, "Gawar wa ta, yaro?"

Sani bai taɓa yi wa babba ƙarya ba, kuma rubutun Garba bai ba shi suna ba. Sai ya faɗi sunana, ya haɗa da na mahaifina, har da unguwarmu a Birnin Kebbi.

"Innalillahi! Ruwa ya ci shi?"

Ban ji amsar Sani ba, ina jin kai ya ɗaga, domin nan da nan magana ta zagaya cewa ɗalibi ne ya zo wanka gulbi. Wani ya ce, "Ai wanga ɗan ƙanwar Alhaji na! Ku aje, ku aje, a kirawo shi." Aka sauke ni a inuwar wata tsamiya.

A nan ya kamata in tashi. Na sani, kuma a lokacin ma na sani. Amma na tuna yawan mutanen da suka bar aikinsu saboda ni, na tuna gajeren wandona, sai na ce bari in ɗan ƙara jiran usur. Wanda zai busa shi kuwa, da ya hango Kawu tafe, tuni ya gangara bayan tudu da jakar kayana.

Kawu ya iso yana haki. Aka ce a buɗe masa fuska ya gani, ya ce a'a, ba zai iya ba. Na ji ya zauna daɓas a ƙasa kusa da kaina. Sai mutumin nan da ban taɓa jin muryarsa ta yi laushi ba ya fara magana yana shessheƙa.

"Yaron kirki. Wallahi yaron kirki na. Bai taɓa ɗaga min murya ba. Faɗan da nike mishi, don ya zama mutum na. Duk cikin ɗiyan dangi shi ni ka dubi in ji sanyi."

Ga laifin da ya fi damuna har yau: daɗi na ji. Ina kwance cikin zanen makaranta, gumi yana narkar da alli yana shiga mini ido, amma so nake ya ci gaba.

Bai ci gaba ba. Ya kira wani maƙwabcin gonarsa mai babur ya ce, "Tahi Birni ka gaya ma uwatai. Ka bi ta a hankali, hawan jini gare ta."

Inna. Ni kaɗai ne namiji a wurinta, kuma likita ya riga ya ce a daina kai mata labari da gaggawa. Na ji mutumin yana buga babur, ya ƙi tashi. Ya sake bugawa, ya ƙi. Ni kuma, Allah ya yafe mini, maimakon in tashi sai na koma roƙon kada babur ɗin ya tashi. Ya tashi. Ina ji ƙararsa ta yi nisa ta ɓace, sannan kunyata ta ga dama ta sake ni.

A fim, cak ya kamata in miƙe zaune. Amma an ɗaure ni tamau, don haka sai da na yi ta mutsu-mutsu kamar tarwaɗa a cikin buhu kafin na samu na zauna, ɗaurin kai ya zame, fuskata ta fito. Da auduga a hanci na ce:

"Kawu, ina kwana."

Aka watse. Wasu suka faɗa cikin shinkafa, wani ya bar takalminsa, abokaina suka bi su (su da suka ɗaure ni da hannunsu). Wani tsoho mai ciwon ƙafa da ya ga ba zai iya gudu ba sai ya rufe ido kawai ya ci gaba da salati. Kawu ko gezau bai yi ba. Ya daɗe yana kallona, hawaye bai bushe a gemunsa ba.

Ya ce, "Lahiya lau." Ya juya ya ce wa tsohon, "Malam, buɗe idonka. Ba ikon Allah ba na, sakarci na."

Babu lokacin dukana, kuma babu kayan sawa. Ya kwance ni, na yafa zanen, na hau bayan babur ɗinsa muka bi ɗan aike. Muka kama hanyar Birnin Kebbi. A Ambursa masu sayar da albasa a bakin titi suka miƙe tsaye suna kallon dattijo ya goyo fatalwa. Na ɗaga musu hannu don su kwantar da hankali, abin ya ƙara lalacewa.

Da muka isa, babur ɗin ɗan aike yana jingine a ƙofar gidanmu, kuma ana jin kukan mata daga ciki.

Na ce, "Kawu, don Allah ka fara shiga ka yi musu bayani."

Ya ce, "Ni na mutu?"

Na yi sallama na shiga. Abin da Garba ya so ya ɗauka a fadama, a tsakar gidanmu ya faru, ba na'ura. Mata suka tarwatse, aka kifar da tukunya, wata maƙwabciya ta shige ɗakin da ba nata ba ta sa sakata. Inna kaɗai ta rage a kan tabarma, carbi a hannu, ba ta kuka, fuskarta ta yi wani irin fari da ya fi allina.

Ni ɗan fari ne, don haka tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "wancan" ko "kai". Ranar nan ta dube ni ta kira sunana, cikakke, a hankali, kamar tana tambaya. Na durƙusa na ce, "Ni ne, Inna. Wasa ne muke yi." Ta kama kunnena ta murɗa har sai da na yi ƙara, sannan ta saki ta ce alhamdulillahi. Daga nan jiri ya ɗebe ta. Ta yi kwanaki a kwance, ni ke mata fifita, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya fara leƙa fuskata ya yi mini barka da dawowa. Da ta warke na koma "wancan".

Fim kuwa ba a nuna shi ba. Kaset ya ƙare tun kafin in tashi, don haka abin da mai bidiyo ya ɗauka jana'iza ce kawai, mai kyau, cike da jama'a, tawa.

Bayan an kwana biyu na je Argungu na ba Kawu haƙuri, na bi mutanen fadama gona gona ina neman gafara. Da zan tafi, ganin ya ɗan sake, sai na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, ashe haka kake sona?"

Bai ko ɗago daga ɗaurin buhun da yake yi ba. Ya ce, "Abin da ka jiya, da gawa nike magana. Kai ban ce maka komi ba, sakarai."

Tun daga ranar na daina ƙarya don gudun kunya, domin na ga inda take kai mutum, kuma a kafaɗa ake kai shi. Na kuma gane cewa yabon da aka yi wa mutum yana cikin likkafani ba a tashi da shi. In kana son ya ɗore, sai ka ci gaba da kwanciya.